Ƙwayar Shinkafar da Alhaji Ya Sa a Hannun Dama

Ina farawa da gode wa Allah, wanda ya bar wa maigidana yatsunsa biyar na dama bayan shi da kansa ya yi bakin ƙoƙarinsa ya rabu da su. Abin da ya zaunar da ni rubutu kuwa shi ne, tun da aka sallamo mu daga asibiti maza uku ne suka zo dubiya, suka gama “sannu, Allah ya ƙara afuwa,” sannan suka sassauta murya suka tambayi Alhaji a ina ake sa abin. Uku fa! Ɗaya ma matarsa na zaune a gefe tana shan kunun da na dama. To ga labarin nan tiryan-tiryan. Wanda ya karanta ya ga har yanzu yana so, ya je a huda shi, amma kada matarsa ta ce ban faɗa ba.

Alhaji kwaɗo da kuba yake sayarwa a Oloumi, a layin masu walda. Shekararmu ashirin da shida a Libreville, muna zaune a Nkembo, kuma duk Bahaushen da ya taɓa kulle ƙofa a garin nan ya san shagonsa. Sai dai mutumin da ke sayar wa duniya makulli bai taɓa riƙe nasa wata guda cur ba. Na tsinci makullin shagonsa a firji. Na tsince shi a buhun kukar da aka aiko mana daga Kano. Sau biyu ladan yana cigiyar mai shi bayan sallar Azahar. Abu ɗaya ne Alhaji bai taɓa mantawa ba tun da na san shi, wato hularsa, ita ma don sanƙo ne.

Akwai wani abu da ya faru wata takwas kafin wannan jinyar, ku riƙe shi, don ni ban riƙe ba. Amininsa Malam Iro, mutumin Maraɗi mai tallar takalma, ya yanke jiki ya faɗi a gefen titi wajen bakin teku. Katin zamansa yana gida don gudun ɓata, wayarsa kuma wani ya yi gaba da ita. Kwana goma sha ɗaya ana nemansa. Alhaji ne ya gano shi a ɗakin ajiye gawa, da lamba ɗaure a yatsan ƙafa, babu suna. Shi ya yi masa wanka. Ranar ya dawo bai ci tuwo ba, kuma bai sake ta da maganar ba, ni ma ban tayar ba.

Makon farko, ranar Litinin, ya shigo da filasta a bayan hannun dama, tsakanin babban yatsa da manuniya.

Na ce, “Alhaji, me ya same ka?”

Ya ce, “Ƙusa ce.”

Na yarda, don shagon ba a rasa ƙusa. Ranar Laraba autarmu Hadiza, wadda aka haifa a nan kuma take aikin ofis a Akanda, ta biya shago da sassafe. Ta tarar da mahaifinta tsaye a bakin ƙofa, ya waiga dama ya waiga hagu, ya yi bismillah, ya manna bayan hannunsa a jikin kuba, kuba ta ce ƙit ta buɗe. Da yamma yarinyar nan ta shigo mini gida tana dariya har da riƙe bango. “Mama, Baba ya zama makulli!”

Sai da na janye kwanon tuwo daga gabansa sannan ya yi bayani. Wai wani injiniya ɗan ƙasar nan, wanda ya yi zaman Turai, ya zo sayen irin kubar nan ta zamani da ake buɗewa da kati. Maimakon kati sai ya kara hannunsa ta buɗe. Alhaji ya ga abin da ya fi ƙarfinsa. Mutumin ya yi masa odar abin, ya kai shi Angondjé wurin wani mai huda kunne da hanci da zane a jiki. Ku dubi Allah, dattijo mai shekara sittin da ɗaya, da babbar riga da carbi, a benci ɗaya da 'yan mata masu jiran a huda musu cibiya.

Abin da aka sa masa ɗan gilashi ne kamar ƙwayar shinkafa, da allura mai kauri ake tura shi ƙarƙashin fata. Hadiza ta ce sunansa NFC, irin abin da ke cikin katin banki da ake karawa a jikin na'ura. Ba shi da batir, ba ya ƙara, ba ya motsi, sai an manna masa kuba ko waya sannan ya faɗi abin da aka rubuta a cikinsa. Wasu suna buɗe ƙofa da shi, wasu suna sa lambar wayarsu su ba mutane. Na tambaye ta ko yana nuna inda mutum yake. Ta ce a'a. Na ce kaico, amfani ɗayan da zan so ke nan, shi ne kuma babu.

Ta zaro wayarta za ta kara a hannunsa ta ga me ke ciki, ya fizge hannun kamar ta kawo garwashi.

“Kada ki ƙarar mini da batirin.”

“Baba, yanzu fa na ce ba shi da batir.”

“To kada ki ƙarar da abin da yake da shi.”

Gaskiya zan faɗa, mai hudar nan bai yi laifi ba ko kaɗan. Ya sa safar hannu, ya fasa sabuwar allura a gabansa, ya tambaye shi ko yana da wani ciwo. Alhaji, wanda ke shan maganin suga shekara tara, ya ce, “Lafiya lau, alhamdulillahi.” Da na tuhume shi sai ya ce ai haka ake amsawa, shi bai taɓa jin an tambayi mutum lafiya ya hau lissafa cuta ba. Mai hudar ya ba shi shawara a sa a hagu, tunda dama ita ke aiki. Nan ne Alhaji ya miƙe tsaye. Hagu? Shi ya miƙa wa ƙofar arzikinsa hannun tsarki kullum safiya? Allah ya kiyaye. A dama za a sa, ko a fasa. Mutumin ya sa a dama, ya kuma gindaya masa sharaɗi na mako biyu: kada ya jiƙa wurin, kada ya cire filasta, kada a matsa hannun, kada ya gaisa da kowa da shi.

Kada ya gaisa da kowa! Da bawan Allahn nan ya san wa yake gaya wa, da ya mayar masa da kuɗinsa.

Ranar Juma'a na tarar da shi a bakin famfo yana ɓare filastar. Na ce me kake yi haka? Ya ce in ya shiga masallaci da ita kowa sai ya tambaya, shi kuma ba zai yi ƙarya a ɗakin Allah ba, ba kuma zai faɗi gaskiya a yi masa dariya ba. Na ce to ka sa hannun a aljihu. Ya dube ni kamar na ce ya je ba wando.

Wanda bai san gaisuwar mazanmu bayan Juma'a a Libreville ba, bari in gaya masa. Mutanen da ba su ga juna ba mako guda, daga Mont-Bouët, daga Oloumi, daga ko'ina, nan ake haɗuwa. Kuma ba taɓa hannu ake yi a wuce ba. A kama tafi, a juya a riƙe babban yatsa, a koma tafi, a dafa ƙirji, a sake miƙowa. Wannan juyin na riƙe babban yatsa, daidai kan ramin allurar yake sauka. Alhaji ya gaisa da sahu huɗu. A ƙarshe ya faɗa hannun Alhaji Mamman.

Alhaji Mamman mahauci ne, mutumin Damagaram, hannunsa kamar faranti. Mutumin kirki ne, ba shi da mugunta ko ta ƙwayar zarra, amma in ya riƙe ka ba ya saki sai ya gama tambayar gida, da yara, da kasuwa, da ruwan sama, da mutanen Kano ɗaya bayan ɗaya, kuma kowace tambaya da matsarta. Alhaji ya ce mini a “ina labarin yayarka Hajiya Babba” ne ya ji wani abu ya tsarga masa har ƙeya. Na ce me ka ce? Ya ce, “Na ce lafiya lau.”

Mako na biyu hannu ya fara tashi. Da farko ja ne kawai da ɗumi, zuwa Talata ya zama kamar fanke, yana sheƙi. Ga damina ta kankama, garin nan kuwa in ana ruwa ko wanki ba ya bushewa balle miki. Alwala sau biyar bai fasa zuba ruwa a kai ba. Na ce mu je asibiti. Ya ce ya je ya ce musu me?

Labarin da muka ba mutane shi ne ƙwaro ya cije shi, kuma nan take kowa ya zama likita. Yayarsa Hajiya Babba ta turo saƙon murya daga Kano mai tsawon huɗuba, ta ce a daka tafarnuwa a ɗaura. Maƙwabciyarmu 'yar Garwa ta kawo wani ganye ta ce a tauna a tofa. Wani ya ce zuma, wani ya ce man habbatus sauda, wani ya ce ai wannan ba ƙwaro ba ne, hannu aka sa masa a kasuwa. Ni ma ba zan wanke kaina ba, da hannuna na gasa masa wurin da tsumma da ruwan zafi safe da yamma, ina gasawa ina mita. Hannun nan ya sha kayan haɗi har ya koma ƙamshin miya. Alhaji Mamman ya zo dubiya da ƙafar saniya a leda, ya ce, “Subhanallahi, wane ƙwaro ne wannan?” Sannan ya kama hannun da hannu biyu ya jijjiga don jaje. Ina tsaye da tire na ga hawaye ya taru a idon maigidana, yana murmushi yana cewa an gode.

Ranar Alhamis abin ya kai inda ba ya ɓoyuwa. Alhaji ya je shago, ya yi bismillah, ya manna hannu, kuba ta yi shiru. Kumburin ya binne ƙwayar, kuba ba ta jin ta. Ya juya hannun, ya danna, ya goga, ya sake bismillah da ƙarfi. Katin da ya zo da kubar yana cikin durowa, durowar tana cikin shago. Makullin ko-ta-kwana kuwa, Allah kaɗai ya san firjin da yake ciki. Kwastoma biyu na tsaye suna kallon dattijo yana shafa ƙofa kamar mai lallashin jariri. A ƙarshe maƙwabtansa masu walda suka kawo injin yanka, suka yanke kubar mai sayar da kuba a gaban duk layin. Har yau in ya wuce sai su ɗaga masa injin su ce ko akwai aiki.

Mako na uku dariya ta ƙare mini. Ranar Lahadi da hantsi zazzaɓi ya rufe shi, yana rawar sanyi cikin bargo biyu alhali ni ina zufa. Da na ɗaga hannun rigarsa zan goge shi, sai na ga wani jan layi ya taso daga wuyan hannu yana hawa wajen gwiwar hannu, siriri kamar an ja da biro. Yatsunsa sun sandare, babban ya yi duhu. Wallahi na tsorata, tsoron da ban taɓa ji ba tun da na zo ƙasar nan. Ban nemi shawararsa ba. Na kira Hadiza, na sa masa hula, muka tare kalando, irin motocin hayar nan na cikin unguwa, muka cusa shi.

Ba zan faɗi sunan asibitin ba, don na gode musu kuma ina jin haushinsu. Mun isa kafin Azahar, ba mu ga likita ba sai bayan La'asar. Layi na karɓar kati daban, na awon jini daban, na hoton ƙashi a wani gini can, ga ruwa kamar da bakin ƙwarya. Duk abin da za a taɓa ka da shi sai an rubuta maka takarda ka fita farmasi ka sayo, har auduga da safar hannu. Hadiza ta yi sawu ya fi biyar, takalminta ya tsinke a na huɗu. Ni kuma Faransancina na cinikin kifi ne a Mont-Bouët, in aka wuce “nawa” da “rage mini” sai in koma kallon baki.

Da hoton ƙashin ya fito, sai ga 'yar ƙwayar nan fara tas a kwance tsakanin ƙasusuwa. Mai ɗaukar hoton ya kira abokinsa, abokin ya kira ɗalibai, kafin ka ce me mutum takwas sun kewaye mu. Sirrin da Alhaji ya kusa ba da hannunsa don ya rufe, ga shi an ɗaga shi sama a jikin fitila ana nunawa da biro.

Likitar mace ce, 'yar ƙarama mai tabarau, ba ta kai Hadiza tsawo ba, amma da ta ga sakamakon suga ta dube shi sai da ya sunkuyar da kai. Kalma ɗaya ta maƙale mini cikin maganarta, “abse.” Hadiza ta ce wato mugunya ta taru a ciki ta yi gida, kuma ta fara bin hanyar jini. Za a tsaga a wanke yau ɗin nan, a cire ƙwayar, a kwantar da shi a yi ta ƙarin ruwa da allurai.

Alhaji ya ce, “Gaya mata a wanke, amma a bar abin a ciki.”

Hadiza ta faɗa. Likitar ta cire tabarau ta yi magana a hankali. Ta ce cutar ta manne a jikin gilashin, muddin yana ciki magani ba zai ci ba. Yau ƙwaya za ta cire. In ya tafi ya dawo bayan kwana uku, babban yatsa za ta cire, wataƙila da na kusa da shi. Ta ce ta ba mu minti goma, ta fita.

Ya ce, “Ba za a cire ba.”

Nan na manta a asibiti nake. Na ce, “Alhaji, kai wane irin mutum ne? Kuba ce ta fi hannunka? Kubar ma da aka yanke? Da me za ka ci tuwo? Da me za ka yi tasbihi? Shekara talatin da biyu ina tsintar maka makulli ban gaji ba, ka bar ni in ci gaba da tsinta mana! Wace irin ƙofa ce wannan da za ka ba ta yatsa?”

Bai ɗago ba. Can ya ce, murya ƙasa-ƙasa, “Hajiya, ba don ƙofa ba ne.”

“To don me?”

“In na faɗi a titi, wa zai san ni?”



Ya ce, “Lamba suka ɗaura wa Iro a ƙafa. Ni na kwance ta. Ana iya sace waya, takarda tana jiƙewa, ni kuma kin san ni da mantuwa. Na ce bari in sa a inda ba zan manta ba, ba kuma mai ɗaukewa.”

Na zauna a bakin gadon. Wata takwas mutumin nan yana yawo da wannan a ransa, muna ci a kwano ɗaya, ban sani ba. Tausayinsa ya kama ni, kunya kuma ta rufe ni saboda masifar da na gama zazzagawa. Hadiza ta juya baya tana share ido. Sai dai ni Allah bai yi ni da iya riƙe tambaya ba.

Na ce, “To Alhaji, tsakaninka da Allah, wanda ya tsinci tsoho a gefen titi a garin nan, wa zai gaya masa ya ɗauko waya ya goga a hannunsa?”

Ya ɗago ya dube ni. Ya dubi Hadiza. Ya dubi hannun. Na ga yana neman amsa a silin.

“Ban yi wannan tunanin ba,” in ji shi.

Hadiza ce ta fara fashewa, tana kuka tana dariya, ni na biyo, shi ma ya yi 'yar dariyar da ta ƙare da nishi. Da likita ta dawo ya miƙa mata hannun da kansa ya ce bismillah.

Aikin bai kai awa ɗaya ba. Wata nas mai kirki ta wanke ƙwayar ta kawo mana a 'yar kwalba, ta ce tsarabarmu ce. Alhaji na kwance magani bai sake shi ba. Hadiza ta juye ta a tafin hannu ta kara wayarta, sai ga rubutu ya fito da Faransanci, injiniyan nan ne ya shigar masa. Ta karanta tana juya mini. Sunansa da na mahaifinsa. Unguwarmu. “Ni Musulmi ne. Ina da ciwon suga.” Na ce oho, ƙwayar shinkafa ka gaya wa, mai allura kuwa ka ce masa lafiya lau. Hadiza ta ce in tsaya, da saura. “Ku kira matata Saude a wannan lambar. Ba ta jin Faransanci sosai. Ku yi mata magana a hankali, kada ku tsorata ta.”

Tun da aka kawo ni gidansa ban taɓa jin sunana a bakinsa ba. Daga “ke” sai “Hajiya.” Ashe yana can rubuce a cikin naman hannunsa. Na fita baranda na yi kukana mai isata, masu jinya suna ta ba ni haƙuri, sun ɗauka rasuwa aka yi.

Kwana shida muka yi a kwance. Na gode wa likitar nan, Allah ya saka mata, kullum sai ta zo ta ja layi da biro a inda jan ya tsaya, muna kallo yana ja da baya har ya ɓace. Na gode wa nas ɗin da ta koya mini wanke miki. Ban gode wa sauron ɗakin ba, ban kuma gode wa famfon da ba ya kawo ruwa sai ya ga dama ba. Jinyar kanta kuwa, cin abinci ne yaƙin. An naɗe dama har gwiwa, shi kuma ya rantse ba zai kai loma da hagu ba. Haka na zauna ina ba shi a baki da cokali, yana ce mini miyar ta yi gishiri, wannan lomar ta yi girma, waccan babu nama. Na ce Alhaji, ka ci gaba, akwai likitar da ta iya cire abu a kusa.

Mako na huɗu da na biyar a gida muka yi su, muna komawa wankin miki duk bayan kwana biyu. Wani malami ya zo ya nuna masa yadda zai shafa a kan bandeji in zai yi alwala, ya ce da ya tambaya tun farko da bai wahalar da kansa ba. Masu dubiya kuwa na tsaya a bakin ƙofa kamar ɗan sanda, duk wanda ya miƙo hannu in ce daga nesa. Alhaji Mamman da ya ji gaskiyar magana ya dafe kai, ya yi ta salati, ya ce shi ne ya kusa nakasa ɗan'uwansa da gaisuwa. Ya ce, “Haba Alhaji, da ka ce mini kada in taɓa!” Alhaji ya ce, “In hana ka hannu a gaban jama'a? Ai gara yatsan.” Suka rungume juna, ni ina riƙe da hannun a sama kamar tuta. Kuma don ku san halin maza, Alhaji Mamman ɗin nan shi ne na farkon ukun da suka tambayi inda ake sawa.

Ga abin da zan ce wa mai niyya. Abin yana aiki, ban ce ba ya yi ba, injiniyan nan shekara nawa yana yawo da nasa lafiya. Amma in an tambaye ka ciwo, ba gaisuwa ake yi ba, ka faɗa. In an ce mako biyu ba musabaha, ka duba kanka da kyau, in ka san kai Bahaushe ne mai jama'a, ko ka yarda da hagu ko ka haƙura da makullinka. In kuma wuri ya yi ja ya yi zafi, tafarnuwa ta miya ce.

Ƙwayar ba mu yar ba. Na farke bakin hularsa na ɗinke ta a ciki, daidai goshi, tunda hula ce kaɗai ba ya mantawa. Sannan na ɗauki zare baƙi na ɗinka sunana da lambata a cikin duk hulunansa goma sha ɗaya, da manyan baƙaƙe, yadda ko wanda bai taɓa riƙe waya ba zai gani. Ya sa sabuwar kuba, kuma yanzu kullum safiya sai ya rusuna ya kafa mata goshi kamar mai gaida suruki. Na ce ya riƙa cire hular ya kara. Ya ce a gaban masu walda? Da wannan sanƙon?

Ranar Asabar da ta wuce, bayan La'asar, ina tsince shinkafa wayata ta yi ƙara, baƙuwar lamba. Namiji ne, Faransanci yake zubawa da sauri. “Madam Saude?” Na ce ni ce. Cikin duk abin da ya faɗa kalma biyu na kama, hula, da kuma “na tsinta.” Tiren ya suɓuce mini. Mutumin da bai taɓa rabuwa da hularsa ba, in an tsinci hular, ina mai ita? Na zauna daɓas a ƙasa cikin shinkafa, ina “innalillahi,” mutumin yana ta “Madam, Madam,” ni ba na jin komai sai Malam Iro da lambar ƙafarsa.

Sai na ji an turo ƙofar gida. Alhaji ne, kansa a buɗe, ruwan sama na gangarowa ta sanƙo, ya ɗora leda a kai ta ƙi zama. Wai a cikin kalando ya cire hular yana nuna wa fasinjoji yadda take aiki, har ya sauka ya bar ta a kujera. Direban ne a waya.

Ya dube ni a ƙasa, ya dubi wayar da ke hannuna.

“An kira ki?”

Na ce, “An kira ni.”

Ya ce, “To alhamdulillahi. Ya yi aiki.”

Na so in yi masifa, wallahi na shirya ta har baki, amma ba ta fito ba. Shekara talatin da biyu ban taɓa murnar ganin sanƙon nan irin ta ranar ba. Na tashi na kakkaɓe zane, na miƙa masa tawul, na zubo masa tuwo. Ya wanke hannu, ya yi bismillah, ya gutsura da dama, da yatsunsa biyar.